Hanya Mai Lamba 2: Mil 272 Cikin Jigawar Nebraska

A tsakiyar ƙasar Amurka akwai wata jiha da ake kira Nebraska, wadda shanunta suka ninka mutanenta sau uku, gama mutanen ba su cika miliyan 2 ba a ƙidayar 2020, shanun kuwa sun kai miliyan 6. Yawancin masu ƙetare jihar nan da mota sukan bi babbar hanya tagwaye mai lamba 80, su shiga ta gabas su fita ta yamma cikin yini guda, ba su ga kome ba sai gonakin masara da bayan manyan motoci. Amma daga garin Grand Island akwai wata hanya da ta rabu da waccan ta nufi arewa maso yamma, kwalta ce falle ɗaya, ta yi mil 272 kafin ta kai garin Alliance, watau kusan nisan da ke tsakanin Kano da Abuja. Ita ce hanya mai lamba 2. Garuruwan da ke bakinta sun fi 20, amma in aka ware na farko da na ƙarshe, biyu ne kaɗai cikinsu suka haura mutum 1,000. Sauran kuwa, akwai wanda in an tara jama'arsa duka, yara da manya, ba za su cika motar safa biyu ba.

Grand Island ita ce ƙofa. Jamusawa ne suka kafa garin cikin 1857, yau mutanensa sun haura 50,000, kuma babban abin da ya riƙe shi shi ne cinikin amfanin gona da wata ƙatuwar mahauta inda ake yanka dubban shanu kowace rana. Aikin mahautar nan ya jawo baƙi daga Meziko da ƙasashen da ke kudu da ita, har da mutanen Somaliya da na Sudan, don haka ba abin mamaki ba ne a gamu da mace da lulluɓinta a kantin garin. Cikin watan Maris kuma, dubban ɗaruruwan wasu tsuntsaye dangin gauraka sukan sauka a gaɓar Kogin Platte, su yi 'yan makonni suna kalen masara a gonakin da aka girbe, sa'an nan su wuce arewa. A cikin garin akwai wani titi da har yanzu ake kira Tsohuwar Hanyar Fotash. Dalilin sunan yana can kusa da ƙarshen tafiyar. Matafiyi mai hankali dai a nan yake cika tankinsa, ya sayi guzuri, gama gaba ba kowane gari ne yake da gidan mai ba.

Gari na farko sunansa Cairo, watau Alƙahira, har titunansa suna ɗauke da sunaye irin su Nilu da Suez da Madina, alhali kuwa ba Balarabe ne ya kafa shi ba. Gaba kaɗan sai Ravenna, mai sunan wani birni na Italiya, inda da yawa daga cikin mazaunan jikokin mutanen ƙasar Cek ne. Wannan bambaraƙwai aikin reluwe ne. Kamfanin jirgin ƙasa na Burlington ya fara shimfiɗa dogo daga Grand Island cikin 1886, ya kai Alliance cikin 1888. Kan jirgi na wancan zamani da tururi yake tafiya, ba ya nisa sai ya nemi ruwa, layin kuma ɗaya ne, tilas a sami wurin da wani jirgin zai kauce wa wani. Saboda haka bayan kowane mil 8 ko 10 sai kamfani ya kafa tasha, ya haƙa rijiya, ya ɗora tanki, wani akawu ko injiniya ya zaɓo suna daga taswira ko daga garinsu na haihuwa, sa'an nan a yanka filaye a sayar. Ƙishirwar kan jirgi ce ta shata wuraren garuruwan nan, tun kafin a san ko ƙasar za ta iya ciyar da su. Hanyar mota ta zo daga baya ne ta kwanta gefen dogo, kuma har Alliance da ƙyar suke rabuwa.

Bayan mil 80 na gonakin masara da kwazazzabai sai a iso Broken Bow, hedkwatar gundumar Custer, gari mai mutum 3,500, da dandali a tsakiya da itatuwa kewaye da shi. Ma'anar sunan ita ce karyayyen baka, don wani guntun baka da aka tsinta a tsohon zangon 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Jajayen Indiyawa. Kabilar Pawnee, masu ƙasar gindin kogunan nan, an kwashe su zuwa inda yau ake kira Oklahoma tsakanin 1873 da 1875, ɓaunar da suke farauta kuma an kusa ƙarar da ita da bindiga. Da fili ya zama ba mai shi a idon hukuma, sai aka shiga rabonsa bisa dokar 1862, wadda ta ce duk wanda ya zauna a kan eka 160 ya noma ta shekara 5, ta zama tasa.

Talakawan da suka amsa kiran nan sun tarar da ƙasa ba itace ba dutse. Sai suka riƙa yanka fatar ƙasa da garma, tare da saiwoyin ciyawar da suka sarƙe a cikinta, suna jera ta kamar tubali, su yi ɗaki, su yi rufi da ita. Wani mutum mai suna Solomon Butcher, wanda noma ya gagara, ya sayi na'urar ɗaukar hoto ya shiga yawo gida gida cikin gundumar tun daga 1886, kuma dubban hotunansa suna ajiye har yau a Lincoln, babban birnin jihar. Abin da ke taɓa zuciya a hotunan shi ne yadda kowane magidanci yakan fito da duk abin da ya mallaka ƙofar ɗakin ƙasarsa: alfadarai, da saniya, da keken ɗinki, da tebur an yanka kankana a kai, don dangin da aka baro can nesa su ga an yi arziki. Cikin 1920 mutanen gundumar Custer sun haura 26,000. A ƙidayar 2020 ba su kai 11,000 ba. Broken Bow kanta ta tsira ne saboda kotu da asibiti suna wurinta, ga manyan garake inda ake turke shanu, ga kuma wata masana'anta da ke ƙera 'yan kwalaben ɗaukar jini na asibiti.

Da an wuce Merna da Anselmo, inda wani dogon coci na 'yan Katolika ya tsaya bisa garin da mutanensa ba su fi 100 da 'yan kai ba, sai ƙasa ta sake kama. Masara ta ƙare. Tuddai suka taso hagu da dama, ɗaya bayan ɗaya kamar raƙuman ruwa, ba itace, ba gida, ba hayaƙi, sai ciyawa da sararin sama. Mutanen wurin suna kiran ƙasar nan Sandhills, watau tuddan rairayi, abin da Bahaushe zai kira jigawa. Faɗinta ya kai murabba'in mil 19,000, ta ɗan ɗara Jihar Kaduna girma, ta kuma cinye rubu'in Nebraska. Waɗansu tuddan sun kai ƙafa 300 ko fiye a tsaye, su miƙe mil da yawa a kwance. Kowane ɗaya daga cikinsu tulin yashi ne da iska ta tara, babu abin da ya danne shi sai saiwar ciyawa. Masana sun tabbatar da cewa shekaru 800 zuwa 1,000 da suka wuce, sa'ad da aka yi wani dogon fari, ciyawar ta mutu kuma tuddan nan sun tashi suna tafiya. Wanda ya taɓa ganin rairayin Yusufari a Jihar Yobe yana binne gona da dausayi, ya san abin da yake kwance ƙarƙashin wannan kore.

Makiyayan wurin ma sun sani. Nan da can matafiyi zai hangi wani farin tabo a kafaɗar tudu, inda sawun shanu ko tayar mota ya yaga fatar ƙasa, iska ta sami ƙofa ta yi ta ƙwaƙula har ya zama rami. Mai fili yakan kewaye irin wannan wuri da waya, ya zuba masa busasshiyar ciyawa ko tsofaffin tayoyi, ya jira shekaru kafin ya warke. A ƙasar nan ana auna mutum da lafiyar tuddansa, kuma wanda ya bar dabbobinsa suka cinye ciyawa har ƙasa, maƙwabta sukan gani tun daga bakin hanya.

Abin mamakin shi ne, wannan jigawa cike take da ruwa. Ruwan sama bai da yawa, inci 23 a gabas, ya ragu zuwa 17 a yamma, amma yashi ba ya barin ko ɗigo ya gudu, shanye shi yake yi. A ƙarƙashin tuddan akwai sashe mafi kauri na babbar ma'ajiyar ruwan ƙasa da ake kira Ogallala, wadda ta ratsa jihohi 8, kuma a waɗansu wurare a nan kaurinta ya kusa ƙafa 1,000. Inda kwari ya yi zurfi sai ruwan ya ɓullo ya zama tafki ko fadama. Kogunan wurin kuma daga ƙasa suke sha, shi ya sa ba su cika yin ambaliya ba, ba sa kuma ƙafewa, rani da damina kusan ɗaya suke gudu. Ko'ina aka duba akwai famfo mai aiki da iska yana juyi a kan kwalbatin shayar da shanu. Saboda ruwan nan ne makiyaya da manoman jihar suka tashi tsaye cikin 2011, sa'ad da aka so a ratsa tuddan da bututun man Keystone XL daga Kanada, har aka tilasta karkatar da shi, daga baya kuma aka soke aikin cikin 2021.

Da fari masu shanu tsoron jigawar suke yi, suna cewa dabbar da ta shiga ta halaka. Cikin 1879 wata guguwar ƙanƙara ta kora shanun wani attajiri mai suna Newman daga Kogin Niobrara zuwa cikin tuddan. Da bazara ta yi, kaboyinsa suka bi sawu ba da wani sa rai ba, sai suka tarar da dubban shanu, nasu da waɗanda suka ɓace tun shekarun baya, sun yi ɓulɓul, sun hayayyafa ba makiyayi. Tun daga ran nan aka gane abin da ƙasar take so.

A Dunning, inda Kogin Dismal ya haɗu da Middle Loup, hanya ta bi gaɓar ruwa zuwa Halsey, kuma a nan ne ido zai ci karo da abin da bai zata ba: daji baƙi ƙirin a kan tuddai. Kowace bishiya ta farko a dajin nan hannu ne ya dasa ta. Wani shaihin malamin ilmin tsirrai a Jami'ar Nebraska, Charles Bessey, shi ya dage a kan cewa itace zai rayu cikin yashin nan, har Shugaba Theodore Roosevelt ya keɓe wurin ya zama gandun daji cikin 1902, tun babu daji. Aka kafa wurin renon dashe a bakin kogi, wanda yake aiki har yanzu, aka dasa kimanin eka 20,000. Malam Bessey ya yi gaskiya, itacen ya rayu, sai dai bai iya ya haifi wani dajin da kansa yadda ake so ba, wuta kuma ba ta raga masa. Tsawa ta kunna gobara cikin 1965 ta ci wajen sulusinsa. Ran 2 ga Oktoba 2022 wata gobarar ta tashi, iska ta kore ta har ta tsallake hanya mai lamba 2, ta ci kusan eka 19,000, ta ƙone sansanin yara 'yan ƙungiyar manoma da hasumiyar tsaron daji, aka kwashe mutanen Halsey, ɗaya daga cikin 'yan kwana-kwanan sa kai kuma ya rasu a bakin aiki.

Akwai kuma wani juyin da ba wanda ya hango. Ɗaya daga cikin itatuwan da aka yi ta rabawa manoma don kare iska, wani irin sida ja, tsuntsaye suna cin 'ya'yansa suna watsa irin ko'ina. Da wutar daji ce take kashe shi tun yana ƙarami, yanzu kuwa ana kashe wutar. Ga shi yana mamaye makiyaya daga gabas, inuwarsa tana kashe ciyawa, har masu shanu suna kashe kuɗi wajen sarewa da ƙona abin da kakanninsu suka dasa da murna.

Thedford, inda hanya mai lamba 83 ta gitta, hedkwatar gunduma ce mai mutum 200 da 'yan kai. Gundumomin da ke nan duka haka suke: Blaine tana da mutum 431 a 2020, Thomas 669, Hooker 711, Grant 611. Amma akwai lokacin da kusan kowane kwari yake da fitila. Da aka ga eka 160 ba za ta riƙe iyali cikin yashi ba, sai ɗan majalisar yankin, Moses Kinkaid, ya kawo dokar 1904 wadda ta ninka rabon zuwa eka 640, watau murabba'in mil guda. Jama'a suka yi ca, aka gina makarantu a ƙauyuka, gundumar Blaine ta kai mutum kusan 1,800 cikin 1920. Ba a daɗe ba lissafi ya ƙi. Wanda ya sa garma, iska ta kwashe gonarsa. Wanda ya koma kiwo, ya tarar kowace saniya da ɗanta suna bukatar eka 15 ko fiye a shekara, ke nan murabba'in mil ɗin nan bai wuce na shanu 40 ba. Ɗaya bayan ɗaya suka sayar wa maƙwabcin da ya fi ƙarfi suka kama hanya. Cikin shekarun 1970 waɗansu masu jari sun sake gwada noman masara a gefen tuddan da injin ban ruwa mai kewayawa, da yawansu kuma suka karye cikin shekarun 1980, suka bar yashi tsirara.

Cikin waɗanda dokar Kinkaid ta jawo har da baƙar fata. Kimanin mil 25 arewa da Thedford, a gaɓar Kogin North Loup, sun kafa wani ƙauye da aka sani da suna DeWitty, kuma waɗansunsu daga Kanada suka zo, jikokin bayin da suka tsere can kafin a hana bauta. Sun yi coci da makaranta, 'ya'yansu sun yi karatu tare da na maƙwabtansu farare a zamanin da hakan abin faɗa ne a waɗansu sassan Amurka. Abin da ya kori sauran shi ya kore su, kafin ƙarshen 1936 ƙauyen ya watse. Sai cikin 2016 aka kafa allon tunawa da su a bakin hanya mai lamba 83.

Mil 15 yamma da Thedford akwai wata 'yar hanya da ta gangara kwarin kogi zuwa Seneca. Da can nan ne ma'aikatan jirgi suke canji, akwai rumfar gyaran kan jirgi da masauki, mutane sun kusa 500 cikin 1920. Da kan jirgi mai aiki da man gas ya shigo cikin shekarun 1950, bukatar tsayawa shan ruwa ta ƙare, daga baya canjin ma'aikatan ma aka ɗauke shi, kwalta kuma aka janye ta zuwa kan tudu ta bar garin a ƙasa. A ƙidayar 2010 saura mutum 33. Sai rigima ta tashi tsakaninsu a kan wata doka da majalisar garin ta kafa game da ajiye dawaki da sauran dabbobi cikin gari. Magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, maƙwabci ya daina gai da maƙwabci, har waɗansu suka ce gara a rushe majalisar da garin baki ɗaya. Cikin 2014 aka jefa ƙuri'a, 17 suka ce a rushe, 16 suka ce a bari. Da ƙuri'a ɗaya tak Seneca ta daina zama gari a littafin hukuma, al'amuranta suka koma hannun gunduma. Gidajen suna nan, waɗansu da mutane a ciki.

Daga nan gaba kaɗan akwai allo da yake gaya wa matafiyi ya mai da agogonsa baya da awa guda, gama ya shiga lokacin yankin duwatsu. Sai Mullen, gari ɗaya tilo a duk gundumar Hooker, mai mutum 500. A nan ne ya kamata a tsaya a dubi yadda ake zama. Tsakanin Broken Bow da Alliance, mil 190, babu babban asibiti a bakin hanyar, sai ƙananan ɗakunan shan magani. Mai juna biyu takan ƙidaya kwanakinta tana duban sama, in hunturu ne ta koma kusa da likita tun da sauran lokaci. Motar ɗaukar marasa lafiya da ta kashe gobara duk 'yan sa kai ne suke tuƙa su, mai kanti ne da makiyayi da malamin makaranta, in ƙararrawa ta buga kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Makarantun ƙauye sun rufe an haɗe su, yaro yakan yi mil 30 ko 40 kafin ya kai aji. Irin ƙwallon nan tasu ta Amurka da ake runguma a gudu, wadda ƙa'idarta mutum 11, a nan da mutum 8 ko 6 ake buga ta, Thedford da Dunning ma sai da suka haɗa yaransu kafin ƙungiya ta tashi. Kwaltar da ta sauƙaƙa wannan duka ita ce kuma ta kashe kantunan ƙananan garuruwan, gama mai mota ya gwammace ya yi awa biyu ya je babban kanti a birni, yaron da ta kai makaranta kuwa ita ce takan kai shi jami'a a Lincoln, sau da yawa bai komo ba.

Duk da haka ba zaman baƙin ciki ake yi ba. Direban da aka yi kiciɓis da shi, ko ya san mutum ko bai san shi ba, sai ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari, gaisuwar ƙasar ke nan, kuma motar da ta lalace a gefen hanya ba ta daɗewa ba a tsaya mata ba. Baƙi masu kuɗi su ma sun gano wurin. Kudu da Mullen an buɗe wani filin wasan golf cikin 1995 wanda ake lissafa shi cikin mafiya kyau a duniya, sai dai ɗan gari bai cika shigarsa ba in ba aiki ya je yi ba. Ted Turner, wanda ya kafa gidan talabijin na CNN, ya sayi dubban ɗaruruwan eka a jigawar ya zuba ɓauna.

Whitman, sa'an nan Hyannis, dukansu sunayen garuruwan Jihar Massachusetts ne da manyan kamfanin jirgi suka zo da su. Nan ne cibiyar kiwo. Shanu sukan haihu a ƙarshen hunturu, mai su yana zagaya su da fitila cikin sanyin da yake daskarar da ruwa. Da bazara sai a yi gayya, yau gidan wannan gobe gidan wancan, a kama maruƙa da igiya daga kan doki, a yi musu allura, a ɗosa musu tambarin gidan da ƙarfe mai zafi, a ci abinci tare. Tambarin nan rajista gare shi, akwai hukuma ta musamman da aka kafa cikin 1941, mai ofis a Alliance, wadda ma'aikatanta suke duba shi kafin a sayar da dabba. Cikin Yuli da Agusta ake yankan ingirici a fadamu a naɗe shi manyan dammuna, da kaka kuma manyan motoci su kwashe maruƙan zuwa garaken turke, daga can sai mahauta irin ta Grand Island. Tsofaffi har yanzu suna ba da labarin Janairun 1949, sa'ad da ƙanƙara ta binne hanya da dogo makonni, sai da soja suka zo da katafila, jiragen sama suna jefa wa shanu ciyawa.

A Ellsworth, wadda yau ba ta wuce 'yan gidaje da tsohon kanti ba, nan ne mazaunin Bartlett Richards, mai gandun kiwon Spade, wanda ya taɓa riƙe eka wajen 500,000, galibinta ƙasar gwamnati ce ya kewaye da waya mai ƙaya. Cikin 1905 kotu ta ci shi tarar dala 300 da tsarewar awa 6. Da labari ya kai wa Shugaba Roosevelt sai ya fusata ya sallami lauyan gwamnati da babban dogarin kotun. Aka sake gurfanar da Richards bisa laifin sa waɗansu mutane su karɓi filayen rabo da sunansu su miƙa masa, aka ɗaure shi shekara guda, ya mutu cikin 1911 bai gama wa'adinsa ba. Laifin ya tabbata, amma ƙasar da aka ƙwace aka raba wa talakawa, cikin shekara 30 ta sake tattaruwa a hannun manyan masu kiwo, wannan karon da takardar ciniki.

Yamma da Lakeside tafkuna suka yawaita, bakinsu fari fat da gishiri, kuma a Antioch sai ga kangayen siminti tsaye cikin ciyawa kamar kufan wani tsohon birni. Ruwan tafkunan nan yana ɗauke da fotash, wani gishiri mai kama da kanwa da ake yin takin zamani da shi. Daga Jamus Amurka take sayensa, da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya toshe hanya sai kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo. Kafin 1918 an gina masana'antu 5 a Antioch suna dafa ruwan tafki dare da rana, mutane suka kai 2,000. Cikin wannan zumuɗi ne 'yan kasuwar garuruwan suka haɗa kai don a fitar da hanyar mota daga Alliance zuwa Grand Island, suka sa mata suna Hanyar Fotash. Inda yashi ya yi laushi, ciyawa ake shimfiɗawa don kada mota ta kafe. Yaƙi ya ƙare, kayan Jamus suka komo da araha, kafin ƙarshen 1921 masana'antun duk sun rufe, aka kwance gidajen aka sayar. Hanyar ce ta rage, daga baya aka ba ta lamba 2, cikin 2021 kuma Gwamnatin Tarayya ta sa ta cikin jerin hanyoyin shaƙatawa na ƙasa.

Daga Antioch tuddai suka kwanta, ƙasa ta baje, gonakin alkama da wake suka komo, sai ga Alliance da mutanenta 8,000 da ƙaton filin jiragen ƙasa. Mil 3 arewa da garin akwai abin da baƙi suka fi zuwa gani. Cikin 1987 wani mutum mai suna Jim Reinders ya tara danginsa don tunawa da mahaifinsa, suka kafa tsofaffin motoci 39 a gona, waɗansu a tsaye gindinsu cikin rami, waɗansu a gicciye a kansu, aka shafe su da fenti toka-toka, kwaikwayon da'irar duwatsun Stonehenge ta Ingila. Hukumar garin da fari kallon juji ta yi masa, yau kuwa mallakarta ne. Amma abincin Alliance yana wurin dogo. Tun daga shekarun 1970 jiragen kwal daga ma'adinan Wyoming ta nan suke bi, ko da yake sun ragu tun da tashoshin lantarki da yawa suka koma ga iskar gas. Jirgin fasinja kuwa ya daina bin layin tun kafin 1971. Kowane jirgin kwal yana jan tarago fiye da 100, tsawonsa ya haura mil guda, ya fita daga Alliance ya nufi gabas gefe da gefe da kwalta. A Hyannis zai yi kuka a mahaɗar hanya, a Mullen ma haka, ya ratsa kwarin Seneca da Halsey da Dunning, ba ya sauke kome ba ya ɗaukar kowa.